Tsukiji: Unguwar da Aka Gina a Kan Teku, da Kasuwar Kifin da Ta Tashi Sau Biyu

Idan ka taɓa sayen ɗanyen kifi da safe ka manta da shi a leda har la'asar a lokacin zafi, to ka riga ka san abin da ya juya tarihin da za mu ba ka yau. Kifi ba ya jira. Mai hatsi zai iya rufe rumbunsa ya zauna har farashi ya tashi, amma mai kifi tun daga sa'ar da aka fito da kayansa daga ruwa yake tsere da lokaci. Shi ya sa idan ka bi diddigin manyan kasuwannin kifi na duniya, za ka tarar galibinsu an kafa su ne a bakin hanyar da ta fi saurin kawo kaya a zamaninsu. Ranar da hanyar ta canja, kasuwar ma sai ta fara shirin tashi.

Misalin da za mu ɗauka shi ne Tsukiji, wata unguwa a bakin teku a birnin Tokyo na ƙasar Japan. Daga 1935 zuwa 2018 a nan babbar kasuwar sarin kifi ta Tokyo take, wadda aka daɗe ana kira mafi girma a duniya. A shekarun da take tashe, kifi da sauran kayan teku da ke ratsa ta a rana guda sukan haura tan 2,000, iri kusan 480. Abin mamakin shi ne, shekara 400 da suka wuce babu ƙasa a wurin sam. Ruwa ne.

Me ya sa kifi ke saurin lalacewa?

Bari mu fara da wannan, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin. Jikin saniya ko rago yana aiki ne a ɗumin da ya kusa digiri 39. Ƙwayoyin bakteriyar da ke tare da su, da sinadaran enzayim da ke narka abinci a jikinsu, duk sun saba da wannan ɗumi. Da ka sa naman a firji, sai aikinsu ya yi sanyi ƙwarai. Kifin teku kuwa a ruwan sanyi yake rayuwa, kuma bakteriyar da ke fatarsa da hanjinsa ita ma da sanyin ta saba. Ka ga sanyin firji bai cika damun ta ba.

Sannan kifin teku yana da wani sinadari a tsokarsa da ke taimaka masa jure gishirin ruwa. Bayan ya mutu, bakteriya kan mayar da wannan sinadari ya koma tirimetilamin, wato ainihin abin da hancinka ke ji a matsayin ƙarnin kifin da ya kwana. Man kifi ma ya fi kitsen dabba saurin haɗuwa da iskar oksijin, shi ya sa yake saurin canja ɗanɗano.

Masu binciken abinci suna da wani ƙiyasi mai sauƙin riƙewa. Idan ka ɗauki kifin da ke cikin ƙanƙara, wato digiri 0, a matsayin ma'auni, to a digiri 5 yana lalacewa da saurin da ya ninka sau biyu da ɗoriya, a digiri 10 kuma kusan sau huɗu. Yanzu sai ka ƙaddara garin da babu firji, babu masana'antar ƙanƙara, ga kuma mutanen da ke son kifinsu ɗanye shar. Dabara ɗaya ce ta rage musu: a gajarta tafiya.

Masunta, fada da gada

Tsohon sunan Tokyo shi ne Edo. A 1590 wani jagoran yaƙi mai suna Tokugawa Ieyasu ya mayar da garin mazauninsa, a 1603 kuma ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na ƙasar baki ɗaya. Fada na bukatar kifi kullum, don haka aka kawo masunta daga wani ƙauye mai suna Tsukuda a yankin Osaka, aka ba su izinin su a ruwan Edo bisa sharaɗin su riƙa kai wa fada. Abin da ya yi saura bayan fada ta ɗiba, an yarje musu su sayar wa jama'a a gefen gadar Nihonbashi.

Me ya sa a can? Saboda kogin da ke ƙarƙashin gadar ya haɗa tsakiyar gari da teku. Kwale-kwale masu matuƙa da yawa sukan yi gudu da kifi daga gaɓa, su sauke shi a gindin kasuwa da asuba, a sayar kafin rana ta take. Manyan hanyoyin ƙasar guda biyar ma daga wannan gada ake fara lissafinsu. A ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai kusan miliyan 1, kuma wannan kasuwa ce ke ciyar da su kifi. Ta zauna a wurin fiye da shekara 300.

Su kuwa masuntan, an ba su wani tudun laka a bakin kogin Sumida, suka cike shi suka mayar da shi tsibiri, suka raɗa masa sunan ƙauyensu, Tsukudajima. Ka riƙe wannan, domin gwanintarsu ta cike ruwa za ta sake amfani nan gaba kaɗan.

Gobarar da ta haifi unguwa

A farkon 1657 wata gobara da ake kira Meireki ta tashi a Edo. Gidajen katako da takarda ne, ga iskar hunturu busasshiya. Ta yi kwana uku tana ci, ta cinye mafi yawan birnin, kuma wasu ƙiyasce-ƙiyasce sun kai adadin mamata 100,000. Da hukuma ta zo sake tsara gari, sai ta faɗaɗa tituna, ta bar filaye don tare wuta, ta kuma kori wuraren bauta da dama daga tsakiyar gari.

Cikin waɗanda abin ya shafa har da wani babban wurin bautar mabiya addinin Buda mai suna Honganji. An hana su sake gini a tsohon filinsu, aka nuna musu wani wuri a madadinsa. Da suka je sai suka ga ruwa ne, fadamar bakin teku. Masuntan Tsukudajima, waɗanda mabiya wannan ɗariƙa ne, su suka shige gaba wajen zuba ƙasa har wurin ya tsaya, aka kammala ginin a 1679. Sunan unguwar daga nan ya samo asali: a harshen Japan, Tsukiji na nufin ƙasar da aka gina, abin da mu za mu kira ciko. Har yau akwai wani ƙaramin ɗakin bauta a unguwar mai suna Namiyoke, ma'ana kariya daga igiyar ruwa, wanda ke tuna wahalar da igiya ta ba masu aikin.

Shekaru 200 da suka biyo baya, Tsukiji unguwar wuraren bauta ce da gidajen manyan sojoji. Bayan Japan ta buɗe ƙofarta ga ƙasashen waje, a 1869 aka keɓe wani sashe nata don zaman baƙi Turawa, tsarin da ya ci gaba har 1899. Makarantun mishan da asibitoci suka shigo, rundunar sojan ruwa ma ta kafa cibiyoyinta. Ga wani ɗan tsaraba ga masu son kimiyya: a nan wani likita ɗan Sukotland mai suna Henry Faulds ya yi aiki, kuma daga nan ya aika wa mujallar Nature rubutunsa na 1880 da ya ba da shawarar a yi amfani da zanen yatsa wajen gano masu laifi.

Tashin farko

Duk wannan lokaci kasuwar kifi na nan a Nihonbashi, amma unguwar ta canja a kanta. Bankuna da manyan kantuna sun kewaye ta. Ƙarni, ƙazanta, cunkoso da tsoron kwalara suka sa tun ƙarshen ƙarni na 19 hukuma ke cewa a tashi. 'Yan kasuwa suka ƙi. Ba taurin kai kawai ba ne: 'yancin kafa teburin sayarwa a bakin titin kasuwar dukiya ce da ake gada, ake sayarwa, ake bayarwa haya. Wa zai biya su idan an tashi? Aka yi ta jan magana shekara da shekaru.

Abu biyu suka yanke gardamar. Na farko, a 1918 tsadar shinkafa ta jawo tarzoma a faɗin ƙasar, abin da ya sa gwamnati ta yanke shawarar sa ido kan cinikin abinci. A watan Maris na 1923 aka yi dokar manyan kasuwannin sari, wadda ta ɗora cinikin a kan gwanjo a bainar jama'a domin farashi ya fito fili. Na biyu, ranar 1 ga Satumba 1923, daf da tsakar rana lokacin da ake girki, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.9 ta afka wa yankin. Gobarar da ta biyo baya ta fi girgizar ɓarna. Mutum sama da 100,000 suka mutu, kasuwar Nihonbashi ta ƙone ƙurmus, kuma ba a bari an sake gina ta a wurin ba. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe kasuwar wucin gadi a filin sojan ruwa da ke Tsukiji. Ta dindindin kuma aka buɗe ta a watan Fabrairu na 1935.

Ginin da aka lanƙwasa saboda jirgin ƙasa

Idan ka kalli tsohon hoton Tsukiji daga sama, za ka ga babban ginin a lanƙwashe yake kamar buɗaɗɗen mafici, kashi ɗaya cikin huɗu na da'ira. Ba ado ba ne. A 1935 jirgin ƙasa ne ke kawo mafi yawan kifi daga tashoshin ruwa na nesa, cikin taragai masu ƙanƙara. Filin kasuwar kusan hekta 23 ne kacal, kuma ana son dogon jirgi ya shigo ya tsaya gaba ɗayansa a sauke kaya lokaci guda. Mafita ita ce a lanƙwasa layin dogo a gefen filin, a gina dandamalin sauke kaya ya bi shi. Ta ɗaya gefen kuma ga mashigar jiragen ruwa a kogin Sumida.

Daga nan kaya ke gangarowa ciki mataki-mataki. A bakin dandamali akwai manyan kamfanonin sari guda 7 masu karɓar kifi a madadin masunta su yi gwanjonsa. A tsakiya akwai rumfunan dillalai, waɗanda a wani lokaci suka haura 1,000, masu saye a gwanjo su yanka su rarraba. Daga ƙofa kuma masu gidajen abinci da 'yan kiri ke shigowa su saya a hannun dillalai. Wato fasalin ginin shi ne fasalin cinikin.

Dillalin nan shi ne zuciyar kasuwar, domin idonsa ake saye. Ɗauki gwanjon kifin tuna, wanda ake yi wajen ƙarfe 5 da rabi na asuba. Kafin a kaɗa ƙararrawa, an jera kifaye a ƙasa, kowanne an datse masa wutsiya. Dillali zai zo da tocila da ƙugiya, ya haska wurin da aka datse ya duba launi, ya ɗan ƙwaƙulo tsoka ya murza tsakanin yatsunsa ya ji yawan mai. Cikin 'yan daƙiƙoƙi zai yanke wa kifin da ya fi shi nauyi farashi a ransa, sannan ya yi tayi da alamar yatsu. Idan ya yi kuskure, aljihunsa ne zai ji. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Theodore Bestor, ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a 2004.

Yadda sanyi ya canja komai

Za ka yi mamaki idan ka ji cewa a zamanin Edo ba a ɗauki tuna a bakin komai ba. Jan namansa kan yi duhu da wuri, don haka sai a jiƙa shi a romon waken suya mai gishiri. Sashen cikinsa mai mai kuwa, wanda a yau ya fi ko'ina tsada, shi ya fi saurin lalacewa, ba a ma son sa.

Dalilin duhun shi ne mayoglobin, furotin mai ɗauke da ƙarfe da ke ba tsoka jan launi. Idan ƙarfen ya yi tsatsa, a sauƙaƙe ke nan, sai ja ya koma ruwan ƙasa. Firizar gida mai digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri ba ta tsayar da wannan, tana rage masa gudu ne kawai. Sai da jiragen kamun kifi suka samu injinan daskarewa masu kai wa wajen digiri 60 ƙasa da sifiri, daga ƙarshen shekarun 1960, sannan aka iya kama tuna a wata uwa duniya, a ajiye watanni, a kawo shi Tsukiji da jansa. A 1972 kuma aka fara kawo ɗanyen tuna daga gaɓar Kanada ta jirgin sama. Kasuwar da aka gina don ciyar da gari ɗaya ta koma mai yanke wa duniya farashi. A gwanjon farkon shekara na 2013, an sayi tuna ɗaya mai kilo 222 a kan yen miliyan 155.4, ko da yake irin wannan farashi talla ce mai saye ke yi wa gidajen abincinsa.

Faɗaɗar hanya ta zo da nata haɗarin. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin kamun tuna na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru mai mutum 23. Kafin a farga, wani ɓangare na kifin jirgin ya iso Tsukiji. Na'urar awo ta nuna yana ɗauke da burbushin nukiliya, aka binne shi a cikin harabar kasuwar. Mutane suka ƙaurace wa kifi, farashi ya faɗi warwas. 'Yan kasuwar sun ga da idonsu cewa tsoro kaɗai ya isa ya kashe ciniki.

Tashi na biyu, da abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Sannu a hankali manyan motoci masu firiza suka ƙwace aikin jirgin ƙasa, har aka rufe layin dogon kasuwar a 1987. Sai ginin ya zama an yi shi don abin hawan da ba ya zuwa. Motoci ba su da wurin juyawa, ana sauke kaya a fili, rumfuna a buɗe suke ga zafi da ƙura da ɓeraye, ga fargabar ko tsohon ginin zai jure wata babbar girgiza. Ka tuna lissafinmu na digiri 5 da digiri 10: duk mintin da kifi ya yi a fili lokacin bazara, ana cin kwanakinsa ne. An gwada sabunta kasuwar a inda take daga 1991, aikin ya tsaya a 1996, domin gyaran wurin da ba ya rufewa abu ne mai wuya da tsada. A 2001, zamanin gwamna Ishihara Shintaro, aka yanke shawarar komawa Toyosu, tazarar kilomita 2 da 'yan kai.

Toyosu ma ciko ce, kuma an fara cike unguwar ne da ɓaraguzan girgizar 1923. Matsalar ita ce filin da aka zaɓa tsohuwar masana'antar kamfanin Tokyo Gas ce, inda aka yi shekaru ana sarrafa kwal a fitar da iskar gas. Irin wannan aiki yana barin dagwalo a ƙasa. Binciken 2008 ya gano sinadarin benzin, mai haddasa kansar jini, a wani wuri ya ninka ƙa'ida sau 43,000, ga kuma gubar sayanayid. Masana suka ba da shawarar a kwashe ƙasar sama mita 2 a sauya ta, a ƙara mita 2.5 a kai, ya zama akwai tsaftatacciyar ƙasa mita 4.5 tsakanin dagwalon da kifi.

An sa ranar buɗewa a watan Nuwamba na 2016. A ƙarshen watan Agusta sabuwar gwamna Koike Yuriko ta ɗage, kuma cikin 'yan kwanaki ta bayyana cewa a ƙarƙashin manyan gine-ginen ba a zuba ƙasar ba. Ramuka ne na kankare aka bari, har ruwa ya taru a ciki, alhali an gaya wa jama'a an zuba. A watan Janairu na 2017 awon ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nuna benzin da ya ninka ƙa'ida sau 79.

To, shin wurin na da haɗari? A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Ƙa'idar da ake magana a kai an tsara ta ne don ruwan da mutum zai yi ta sha tsawon rayuwarsa. A Toyosu ba a shan wannan ruwa, ba a wanke kifi da shi. Hanyar da gubar za ta iya kai wa ga mutane ita ce ta tururi, tun da benzin na saurin bin iska, ya taru a ramukan ya hauro sama. Don haka kwamitin masana ya ce saman ginin lafiya lau yake, amma a shafe ƙasan ramukan, a sa na'urorin fitar da iska, a ƙara famfunan zuƙe ruwa. Aka yi hakan. Sai dai Japanawa na da kalmomi biyu da suka yi ta yawo a lokacin: anzen, wato aminci da awo ya tabbatar, da anshin, wato kwanciyar hankali. Awo na iya ba da na farko. Na biyun kuwa, wanda aka ɓoye wa gaskiya sau ɗaya ba ya samun sa da lambobi, kuma dillalin da sunansa ne jarinsa yana da dalilin damuwa. Wata ƙungiyar matan 'yan kasuwar ta yi ta adawa da tashin har ranar ƙarshe.

Akwai kuma halin ƙasar ciko ita kanta. Yashi ne da laka da ba su gama danƙarewa ba, cike da ruwa. Idan girgiza ta kaɗa su, sai ƙwayoyin yashin su saki juna, nauyi ya koma kan ruwan, ƙasa ta yi ruwa-ruwa kamar kunu. A girgizar Maris 2011 an ga yashi da ruwa na tsartuwa daga ƙasa a unguwannin ciko na bakin tekun Tokyo, har da filin Toyosu. A wurin da ke da dagwalo a binne, wannan na nufin abin da ke ƙasa zai iya haurowa, shi ya sa danƙare ƙasar ya shiga cikin aikin.

Abin da ya rage

An yi gwanjon ƙarshe a Tsukiji ranar 6 ga Oktoba 2018, Toyosu ta buɗe ranar 11. Sabuwar kasuwar ta kai kusan hekta 40, a rufe take ruf, ana sarrafa sanyinta, motoci na sauke kaya kai tsaye cikin gini, masu yawon buɗe ido kuma ta bayan gilashi suke kallo. Ta fuskar kare kifi daga zafi ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Amma kifin da ke bi ta kasuwar sari ya riga ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da ƙarshen shekarun 1980, saboda manyan kantuna na saye kai tsaye daga masu kamawa, kuma Japanawa sun rage cin kifi. Dillalai da dama, musamman tsofaffin da ba su da magaji, sun rufe maimakon su tashi.

An rushe ginin mai siffar mafici. Filin ya zama wurin ajiye motocin gasar Olamfik da aka yi a 2021, a 2024 kuma aka zaɓi kamfanonin da za su gina babban filin wasa mai ɗaukar kusan mutum 50,000 da otal-otal a wurin. Abin da bai tashi ba shi ne kasuwar waje: lungunan da ke gefen tsohuwar katangar, masu shaguna wajen 400 na wuƙaƙe, busasshen kifi, ganyen teku, wainar ƙwai da ƙananan gidajen abinci. Asalinsu don yi wa ma'aikatan kasuwa da masu sari hidima aka buɗe su. Yanzu yawancin masu cika lungunan baƙi ne, kuma kifin da ake ci a can da safe daga Toyosu ake kawo shi a mota.

A rubutu na gaba za mu duba yadda ƙanƙara, gishiri da hayaƙin banda kowanne ke hana kifi lalacewa, da abin da kowannensu ke ragewa daga amfaninsa a jiki. Idan kana da tambaya a kan wannan, ka aiko mana.